Yadda za ka karanci fuskar mutum ko da rawani ya rufe rabinta

Mu nan Tawa mun saba ciniki da Buzaye masu amawali, baki a rufe hanci a rufe ido kawai kake gani, amma dillalin da ya daɗe a kasuwar bisashe kallo ɗaya zai yi ya san tayin ya yi wa mai raƙumi ko bai yi ba. Ba duba ba ne, sabo ne, kuma kai ma za ka iya koya.

Ka fara da ido, ka bar baki tukuna. Kowa na iya washe baki in ya ga dama. Wani likitan Faransa, Duchenne, tun 1862 ya nuna cewa murmushin gaske har naman da ya kewaye ido yake motsawa, kumatu su tashi, ido ya ƙanƙance, fatar gefensa ta tattare. In haƙora ne kawai a waje ido na nan shiru, to galibi yaƙe ne.

Sai gira. Mai fushi girarsa saukowa take ta haɗe. Mai baƙin ciki kuwa bakin girar na wajen karan hanci ne ke ɗagawa sama, wannan da wuya mutum ya yi shi da gangan shi ya sa na fi yarda da shi. Tsoro da mamaki su ne ke rikita mutane don duka biyun ana zare ido, sai dai mamaki nan da nan yake wucewa. Wani masani ɗan Amurka, Paul Ekman, ya je har Papuwa Niyu Gini, wata ƙasa can kusa da Ostareliya, a 1967 ya tarar mutanen can ma suna gane irin waɗannan alamu, ya lissafa guda 6: murna, baƙin ciki, fushi, tsoro, ƙyama da mamaki.

Ka kalli fuskar daidai lokacin da maganar ta faɗa kunnensa, don wani abin ko rabin sakan ba ya kaiwa mutum ya gyara fuska.

Amma don Allah inda na fi damuwa ke nan, kar ka ga yaro ya sunkuyar da kai ka ce ƙarya yake. A wajenmu kunya ce, haka aka tarbiyyantar da shi, amarya gaban surukai ma haka, Bafulatani kuwa ana tsula masa bulala a sharo yana murmushi. Na sha ganin an zargi yaro da sata a gida don kawai ya kasa haɗa ido da babansa, abin yana ci mini rai wallahi. Sai ka san yadda fuskar mutum take ranar da babu komai kafin ka ce ta canza, wani haka Allah ya yi shi da ɗaurarriyar fuska. Labarin zuciya a tambayi fuska, gaskiya ne, amma fuska ba ta faɗin dalili.

In ka ga abokinka a fada ana shan shayi kowa na dariya amma tashi dariyar ba ta kai ido ba, kar ka tanka gaban jama'a. Bari a watse ka raka shi bakin hanya, can ka ce masa, wai lafiya dai kuwa?