Ka san meri tun kafin ka shimfiɗa tabarma a Garwa

Ɗan'uwa, da ka sauka Garwa, a arewacin Kamaru, za ka ji ana cewa Garwa ta ɗaya, ta biyu, ta uku. A 2007 aka raba garin gida uku, kamar yadda aka yi wa Marwa da Ngaundere, kowane yanki da kansilolinsa da magajin garinsa, sannan a 2008 aka ɗora musu babbar hukumar birni a sama. Garwa ta uku, wadda hedikwatarta ke Bokle a tsallaken gadar Binuwai, ita ce irin wurin da baƙo ke nufa in hayar cikin gari ta fi ƙarfinsa. Gidaje na tsirowa, hanya da magudanar ruwa na biyo su a hankali. Ofishin magajin gari shi ake kira meri, kuma da shi za ka fi yin hulɗa.

Ka bambance masu iko tukuna. Sufurefe daga Yawunde ake naɗo shi, wakilin gwamnati ne. Magajin gari kuwa kansiloli ne ke zaɓarsa daga cikinsu. A unguwa akwai lawan da jauro, a ƙarƙashin lamiɗo. Ka fara zuwa gaida jauro tare da mai masaukinka, ko da gaisuwar Fulatanci biyu ce a bakinka. Ranar da kake neman mai shaidar ka, shi ne zai ce ya san ka. Katin zama kuma aikin 'yan sanda ne, kada ka ɓata ƙafa zuwa meri a kansa.

Abin da ya fi damuna, shi ya sa ma na ɗauki alƙalami, takardar haihuwa ce. In Allah ya ba ka ƙaruwa a nan, kada hidimar suna ta shagaltar da kai. Ka kai maganar meri cikin kwana 90. Akwai maƙwabcina, mutumin kirki, mai sayar da yadi. 'Yarsa ta kai ajin ƙarshe na firamare, malam ya ce a kawo takarda don jarrabawa, babu. Na gan shi zaune a bencin kotu da shaidu biyu, hula a gwiwa, yana jiran hukuncin da zai maye gurbin takardar da a farko ba za ta ci masa komai ba sai kuɗin mashin. Yarinyar ta zauna jarrabawa, amma sai da shagonsa ya sha kulle kwanaki. Magadan gari da kansu sun sa wannan a gaba, domin yara marasa takarda sun yi yawa a arewacin Kamaru.

Sai kuɗi. Ƙaramar meri ba ta da rijiyar mai. Tana rayuwa da kason gwamnati, da tallafin FEICOM, asusun gwamnati mai taimaka wa ƙananan hukumomi, da abin da take tarawa a kasuwa. Don haka mai tikiti zai zo rumfarka, kuma hakkinsa ne ya zo. Ka biya, ka karɓi rasit mai hatimi, ka adana a leda. Wanda ya ce "kawo kawai, mun san juna", gobe wani zai zo ya sake tambaya.

Batun fili kuwa, a yi hattara. Takardar sayarwa da aka sa wa hannu a zaure ba ita ce takardar mallaka ta gwamnati ba, kuma izinin gini a wajen babbar hukumar birni ake nema. Kada ka sayi fili da rani. Ka jira Agusta ka je da ƙafarka ka ga inda ruwa ke kwana. Waɗanda suka ga ambaliyar 2012 za su nuna maka a bango inda Binuwai ta kai.

Ba ka da ƙuri'a a nan, gaskiya ne. Amma ranar da jauro ya yi shelar yashe kwata, ko aka ce kowane gida ya kawo nasa don gyaran famfon burtsatse, ka fito da shebur ɗinka da sefa ɗari biyar ɗinka, ka tabbata an rubuta sunanka a littafin kwamitin.