Gashin Ƙashi ta Waya ga Mai Shanyewar Ɓarin Jiki

Ɗauko mai shanyewar ɓarin jiki daga Daura zuwa Katsina sau biyu a mako aiki ne babba: kuɗin mota, gajiyar hanya, ga mai jinya ya bar sana'arsa. Shi ya sa iyalai da yawa ke yanke zuwa gashi tun ba a je ko'ina ba. Waya na rage wannan wahala, amma sai an san inda take tsayawa.

Zuwan farko dole ne ido da ido, ko a sashen gashin ƙashi na Asibitin Koyarwa na Tarayya da ke Katsina, ko asibiti mafi kusa da ke da likitan gashi. Hannu ne ke gane sandarewar tsoka da kafaɗar da ta fara zamewa daga gurbinta. Kyamara ba ta jin wannan. A wannan zaman ne mai jinya zai koyi riƙo da ɗagawa, ya gwada a gaban likita.

Daga nan sai a koma bidiyo ta WhatsApp. A jingina wayar a nisan mita 2 zuwa 3 yadda za a ga jiki tun daga kai har tafin ƙafa, haske na fuskantar majinyaci, ba ta bayansa ba. A naɗe tabarma da darduma don kada ƙafa ta sarƙe. A samo kujera mai ƙarfi, mutum ɗaya ya tsaya ta ɓangaren da ya shanye. Tashi da zama sau 10, sau 2 ko 3 a rana, shi ne irin atisayen da ake farawa da shi idan likita ya amince. In sabis na yankewa, a ɗauki bidiyon minti ɗaya a tura.

Wani kuskure da ake yawan yi shi ne jan majinyaci ta hannun da ya shanye wajen tayar da shi. Tsokar da ke riƙe kafaɗa ta yi rauni, jan yakan bar ciwo na watanni. A tallafe shi ta ƙugu. Haka gasa jiki da ruwan zafi kuskure ne: fatar da ba ta ji tana ƙonewa ba tare da mai ita ya sani ba.

Idan sha-raɓa ta kumbura tana zafi, ko numfashi ya yi wuya, ko baki ya sake karkacewa, ko yana ƙwarewa in ya sha ruwa, a ajiye waya a nufi asibiti nan take.