Yadda Jakada Zai Rubuta Rahoton Bankwana

Jakadan da wa'adinsa ya kusa cika ya kamata ya fara tattara bayanan rahoton bankwana, wato rahoton ƙarshe da zai aika wa gwamnatinsa, tun da sauran watanni, domin abin da aka rubuta a makon ƙarshe, ana tsakiyar liyafar sallama da ɗaure kaya, yakan fito ba nauyi.

Ya fara da aikin da aka ɗora masa ranar da ya miƙa takardun kama aiki, sannan ya faɗi inda ya yi nasara da inda ya gaza ba tare da kwana-kwana ba. A ganina, magajinsa ya fi buƙatar ƙananan abubuwa: wane jami'i ne a ma'aikatar harkokin waje yake ɗaga waya bayan an tashi aiki, wane alkawari aka ƙulla da baki ba a sa a takarda ba.

Inda ake yawan tuntuɓe shi ne wajen auna shugabannin ƙasar da ta karɓe shi. A 2019 jakadan Birtaniya a Amurka, Kim Darroch, ya ajiye muƙaminsa bayan saƙonninsa na sirri masu sukar gwamnatin Trump sun faɗa hannun 'yan jarida. Saboda haka kowane hukunci ya jingina shi da abin da ya gani ko ya ji da kunnensa, ya sa rana da wuri, ya ware zato gefe guda.

Idan ya kammala, ya aika da rahoton ta jakar diflomasiyya, wato jakar da ke ɗaukar saƙonnin hukuma tsakanin ofishin jakadanci da gwamnatinsa, wadda Yarjejeniyar Vienna ta 1961 ta hana a buɗe ko a tsare ta.