Yadda Ake Kama Hayar Gida a Fagge da Kewayenta Don a Riƙa Zuwa Ko'ina a Ƙafa

Tun da aka cire tallafin man fetur a ranar 29 ga Mayu, 2023, kuɗin adaidaita sahu ya zama babban kaso a cikin abin da magidanci yake kashewa a Kano, musamman wanda yake kwana a Mariri ko Rijiyar Zaki ko Ɗorayi alhali abincinsa yana Kantin Kwari ko Singa ko Wapa. An hana ɗaukar fasinja a babur cikin birnin tun watan Janairu na 2013, don haka wanda ba shi da abin hawan kansa dole ne ya jira ɗan sahu safe da yamma, ya biya abin da aka yanka masa, ya kuma sha cunkoso. Wannan ne ya sa mutane da dama suke neman haya a unguwannin da ke manne da tsakiyar gari, irin su Fagge da Sabon Gari da kewayen Ƙofar Mata da Ƙofar Wambai, inda kasuwa da masallaci da asibiti da banki duk ƙafa take kai mutum. Shawara ce mai kyau, amma tana da sharaɗi: rarar da aka samu ta kuɗin mota ba ta zama riba sai idan gidan bai karɓe ta ta hanyar ruwa da wuta da ambaliya ba.

Ya kamata mai neman gida ya fara sanin cewa waɗannan unguwanni ba halinsu ɗaya ba, ko da yake suna maƙwabtaka. Fagge tsohon zango ne na fatake a bayan ganuwa, kuma har yau jinin kasuwanci ne yake gudana a cikinta: lunguna matsattsu, gidaje a cushe, 'yan canji a Wapa, masu yadi a Kwari, ga babban masallacin Juma'a. Sabon Gari kuwa Turawan mulkin mallaka ne suka yanka ta domin baƙi bayan jirgin ƙasa ya iso Kano a 1911, shi ya sa titunanta irin su France Road da New Road da Igbo Road suke miƙe, gidajen bene suka yi yawa, kuma ba a cika tsananta wa mai haya tambayar asalinsa ba. Sai dai akwai otal-otal da mashaya da kiɗan dare, wanda ba kowane mai iyali ne zai lamunta ba. Cikin ganuwa akwai kusanci da Asibitin Murtala da kasuwar Kurmi, amma yawancin gidajen na gado ne, kuma masu su sun fi son wanda wani sananne ya tsaya masa. Nasarawa tana da faffaɗan tituna da inuwar bishiyoyi, sai dai tsada da nisan da ke tsakanin gida da kanti sun sa ba ta cikin lissafin mai son rayuwa a ƙafa.

Kada a yarda da kalmar dillali cewa gida yana “nan kusa da kasuwa”. A auna da ƙafa. Lafiyayyen mutum yana cin kilomita ɗaya cikin minti 12 zuwa 15, kuma abin da ya wuce tafiyar minti 20 a watan Afrilu, lokacin da zafin Kano yake haura digiri 40, ba kusa ba ne, domin ƙarshenta sai an tari ɗan sahu. A tashi daga ƙofar gidan a taka zuwa wurin sana'a, a dawo ta hanyar da yara za su bi zuwa makarantar boko da Islamiyya, a lura da yawan manyan titunan da za a tsallaka. Gidan da ke tsallaken titin IBB ko titin Murtala Mohammed daga makarantar yara yana nufin kullum sai babba ya raka su, ko da tazarar ba ta da yawa. A maimaita wannan zagaye da sassafe, da bayan la'asar lokacin da kasuwa take tashi, da kuma bayan sallar isha'i, saboda lungun da yake cike da jama'a da rana yana iya zama kufai mai duhu da dare idan yawancin gine-ginensa sun koma shaguna da sito.

Batun damina shi ne inda ake yi wa baƙo sakiyar da ba ruwa, domin galibi ana nuna gida ne da rani, lokacin da kowace kwata a bushe take. Wannan yanki a kwari yake, ruwansa yana gangarawa ne zuwa Jakara, kuma ambaliyar da ta shiga Kantin Kwari a daminar 2022 ta lalata yadudduka masu yawa ta nuna abin da toshewar magudana take jawowa. Gidan da ruwa yake shiga ba ya iya ɓoye sirrinsa ga mai lura. A tsuguna a dubi gindin bango: idan siminti yana ɓarɓashi, ko akwai wani farin gishiri-gishiri da ya yi layi, ko kuma an shafa sabon fenti daga ƙasa zuwa gwiwa kawai aka bar sama da tsohon launi, to ruwa yana kwana a nan. A dubi dokin ƙofar gidan da na maƙwabta. Idan kowa ya ɗora jerin bulo ɗaya ko biyu a bakin ƙofarsa har sai an ɗaga ƙafa sosai kafin a shiga, ba ado suka yi ba. A kwatanta tsayin tsakar gida da na titi, saboda a tsofaffin unguwanni an sha ɗaga titi ana barin gidaje a ƙasa. Bayan haka a ɗaga kai a dubi silin, a nemi tabon yoyo. Sannan a je wurin mai shayi ko mai kantin da ke bakin lungu, ba tare da dillali ba, a sayi wani abu, a tambaye shi yadda layin yake kasancewa a watan Agusta. Shi ba shi da la'ada a cinikin, amsarsa ta fi ta kowa.

Ruwan sha shi ne tambaya ta biyu. Famfon gwamnati ba abin dogaro ba ne a yawancin unguwannin nan, don haka a tambaya ko gidan yana da rijiyar burtsatse da tanki, da kuma wanda yake biyan kuɗin janyo ruwan da gyaran injin idan ya lalace. Rijiyar tsakar gida a irin wannan cunkoso takan yi zartsi, kuma sau da yawa ba ta da nisa da masai, saboda haka ta wanki ce ba ta sha ba. Idan da 'yan ga-ruwa za a dogara, a tabbatar kurarsu tana iya shiga lungun, a kuma sani cewa mai zama a saman bene yana biyan ƙari a kan kowace jarka. A lissafa jarkokin da iyali suke sha a rana a ninka da kwana talatin, a ɗora a kan kuɗin haya kafin a ce gida ya yi araha.

Wutar lantarki ma haka. A nemi gidan da kowane ɓangare yake da mitar katinsa, a rubuta lambar mitar a je ofishin KEDCO, kamfanin rarraba wutar lantarki, a bincika ko akwai tsohon bashi a kanta, domin bashin yana bin mita ne, kuma za a riƙa zaftare shi daga duk katin da sabon mai haya ya saya. A tambayi rukunin farashin wuta da layin yake ciki, tunda daga watan Afrilu na 2024 'yan rukunin Band A suna biyan kuɗi mai yawa fiye da saura. Mitar tarayya kuwa ita ce uwar rigimar gidan haya: wannan yana da firji, wancan yana da dutsen guga da abin dafa ruwa, amma ana raba kuɗi daidai. Idan babu makawa sai an yi tarayya, a ji tsarin rabon daga bakin masu hayar da aka tarar, ba daga bakin mai gida ba.

Akwai abin da ya keɓanta da unguwannin da ke jikin kasuwa, wato yadda 'yan kasuwa suke saye gidajen zama suna rushewa suna gina filaza da sito. Wannan yana shafar mai haya ta fuska biyu. Ta farko, gidan da aka kama yau yana iya shiga kasuwa baɗi, don haka a tambaya kai tsaye ko ana cinikinsa. Ta biyu ita ce gobara. Wanda ya ga yadda wuta ta cinye kasuwar Sabon Gari a watan Maris na 2016 ba zai so ya kwana a saman siton katifa ko yadi ko fenti ba. A san abin da ake ajiyewa a ƙasan bene da bayan katanga, a kuma duba ko motar kashe gobara za ta iya kusantar gidan.

Idan gida ya kwanta a rai, sai a bi ciniki a hankali. Haya a Kano ta shekara ce, la'adar dillali kuma bisa al'ada kashi goma cikin ɗari ce, wasu masu gidaje kuma suna ƙara kuɗin rubuta yarjejeniya da na ajiya saboda ɓarna. Kada a ba da ko sisi sai an zauna da mai gidan ido da ido, ko wakilinsa da yake da shaidar wakilci. A gidan gado wannan ya fi muhimmanci, domin ɗaya daga cikin magada yana iya karɓar kuɗi sauran su ce ba da yawunsu ba. A nan ne ziyarar mai unguwa take da amfani, shi ya san wanda yake da iko da gidan, kuma gaisuwar da aka kai masa tun farko takan yi rana daga baya. A biya ta banki zuwa asusun mai gidan, a karɓi rasit. Yarjejeniya ta fayyace ranar shiga da ranar ƙarewa, da wanda zai gyara rufi da yashe masai, da yadda za a yi idan an sayar da gidan, da tsawon sanarwar tashi. A dokar da aka saba bi a Najeriya mai hayar shekara yana da haƙƙin sanarwar wata shida, sai fa idan takardar da ya sa wa hannu ta rage wannan wa'adi, saboda haka a karanta ta duka, in da hali a nuna wa lauya. Duk gyaran da mai gida ya yi alkawari a tabbatar an yi shi kafin a shiga, ko a rubuta cewa za a cire kuɗinsa daga haya. Gwauro da macen da take zaune ita kaɗai su san cewa a Fagge da cikin gari za a tambaye su batun aure da sana'a. Zuwa da dattijon da zai tsaya musu yana sauƙaƙa lamarin ƙwarai.

Zaman kansa yana buƙatar sabo. Gefen titin da aka yi domin masu tafiya a ƙasa 'yan tebur da masu baro sun mamaye shi, don haka mazauna suna bin lunguna ne, kuma sanin waɗannan hanyoyin yanke shi ne rabin jin daɗin unguwar. Ƙwacen waya matsala ce da aka sani a Kano: ba a tafiya ana latsa waya a bakin titi, ba a kuma ratsa lungu marar haske bayan an rufe shaguna. Ranar Juma'a titunan da ke kewayen masallaci suna cikewa tun kafin azahar, ranar Asabar ta ƙarshen wata kuma ana taƙaita zirga-zirga da safe domin tsaftar muhalli, kuma a ranar ne maƙwabta suke ganin wanda ya fito yashe kwata da wanda ya maƙale a ɗaki. Mai mota ya nemi garejin kwana tun kafin ya tare, tunda yawancin gidajen ba su da wurin ajiye ta. Cefane kuwa ya fi sauƙi a nan, domin ana iya sayen na yini ɗaya kullum ba tare da dogaro da firji ba.

Abu guda da ba a cika faɗa wa sabon mai haya ba shi ne, gidan da ke kusa da Kwari da Asibitin Murtala masauki ne. Ɗan'uwan da ya zo saro kaya daga Haɗeja ko Maraɗi da gwaggon da ta kawo marar lafiya duk a nan za su sauka, kuma ba a korar baƙo. Wanda zai iya, ya zaɓi gida mai soro ko ɗakin waje, ya kuma sa wannan hidima cikin lissafinsa tun farko. A unguwa kuma a riƙa biyan kuɗin 'yan sintiri a kan kari, a halarci jana'iza da suna, a san limamin masallacin layi, saboda su ne shaidun mutum ranar da saɓani ya taso tsakaninsa da mai gida.

Tun ranar tarewa a ɗauki hoton kowane ɗaki da banɗaki da lambar da mita take nunawa, a aika wa mai gida domin kada a yi jayayya a kan kuɗin ajiya lokacin tashi. Rarar kuɗin motar da ake samu kowace rana a riƙa ware ta, ko a adashi ko a wani asusu na daban, don kuɗin shekara mai zuwa ya taru kafin lokacinsa. Idan ya rage wata uku haya ta ƙare, a je a sami mai gida a ji ko akwai ƙari, domin a sami sararin yin ciniki ko neman wani gidan a cikin unguwar.