Babi na 9: Share bututun injin busar da kaya

Wannan babin naku ne, ku da kuke aikin gida a Maitama da Asokoro da Gwarinpa, da masu shagon wanki da guga. Da damina, musamman a Agusta, sai a wuni a Abuja rana ba ta leƙo ba, dole a koma wa inji. Idan kaya sun daɗe a ciki ba su bushe ba, ko jikin injin ya ɗau zafi fiye da kima, ko kun ji ƙauri, yawanci hanyar iskarsa ce ta toshe. Abin da ke toshe ta ɓurɓushin zare ne, toka-toka, mai laushi kamar auduga. Busasshe ne ƙarau, wuta na kama shi nan take. Kada ku ji tsoro, aikin bai fi ƙarfinku ba.

Darasi na 1: Zare fulogi

Fulogi shi ne kan wayar nan mai ƙafa 3 da ake cusawa a bango. Ramin da yake shiga sunansa soket. Kafin ku taɓa komai, ku zare fulogi daga soket. Ku kama kansa ku ja, ban da jan waya, kuma hannu ya kasance a bushe.

Danna maɓallin da aka rubuta OFF a jikin inji bai isa ba. Kashe makunnin bango ma bai ishe ni ba. Ina so ku ga fulogin da idonku a ƙasa.

A nan ne kusan kowa yake tuntuɓe. Wani dattijo a ajinmu na yamma ya ce mini, "Malam, ai an ɗauke wuta." Na ce, "Baba, wutar da aka ɗauke ba ta yin sallama in za ta dawo." Maigida na iya cewa a tada janareta, kai kuwa kana durƙushe a bayan inji, hannunka kusa da waya. Da wuta, babu wuta, a zare fulogi.

Ku karanta da ƙarfi: ZA-RE FU-LO-GI. Ku rubuta shi sau 5 a littafinku. Madalla, haka ake so.

Sai dai satin da ya wuce, da muka yi gwaji, mutum uku suka zarce bayan inji fulogi na bango. Haba jama'a! Sau nawa zan faɗa? Ku ba yara ba ne, iyalai na jiranku a gida. Wanda ya sake mantawa, ba zan bar shi ya wuce darasin nan ba.

Darasi na 2: Raga da tiyo

Kun zare fulogi? Ku waiga ku duba.

Buɗe ƙofar inji. A bakinta, ko a saman injin, akwai raga. Ja ta sama, ka naɗe ɓurɓushin da yatsa, zai taso kamar bargo. Wannan bayan kowace busarwa ake yi.

Yanzu ku biyu ku jawo injin daga bango a hankali. A bayansa za ku ga tiyo mai faɗin inci 4, an ɗaure bakinsa da zoben ƙarfe. Sassauta zoben da sukundireba, cire tiyon, kai shi waje ka kakkaɓe. Zura dogon buroshi kana juyawa kana jawowa. Ban da tsinke ko waya mai tsini, tiyon ba shi da kauri, zai huje. Idan injin gidanku da gas yake aiki, ku bar shi, a kira mai gyara.

Darasi na 3: Ramin waje

Zagaya bayan gida inda iska ke fita. Ɗaga murfin. Zanzaro kan yi gininsa na laka a nan, ƙurar hunturu ma na taruwa. Kwashe duka.

Darasi na 4: Mayarwa

Mayar da tiyo, ɗaure zobe, kada ya lanƙwashe. Sai yanzu za a sa fulogi. Kunna, ka je waje ka tara hannu. In iska mai ɗumi na bugowa da ƙarfi, ya yi.

Darasi na 5

A maimaita sharar tiyo da ramin waje aƙalla sau 1 a shekara. Lambar neman agaji idan gobara ta tashi: 112.