Sayen mota a Amurka: karanta taitil kafin ka miƙa kuɗi

Wanda ya sauka Bronx ko Harlem a birnin New York zai iya shekara bai nemi mota ba, jirgin ƙasa da bas sun wadatar. Amma in rabo ya kai ka Columbus, Greensboro ko Houston, mota ce ƙafarka, kuma ba za ka yi wata ba sai an ce maka wani ɗan'uwa na da Camry mai lafiya zai sayar. To ka sani, a Amurka mota ta wanda sunansa ke kan takardar mallaka ce, wadda kowa ke kira taitil, ko da makulli yana aljihun wani. Jiha ce ke bayar da ita, shi ya sa doka ta bambanta: a New York ofishin hukumar motoci, wato DMV, za ka je, a Maryland ana kiranta MVA, a Texas kuma ofishin haraji na gundumarku.

Matsalar da ta fi kama mutanenmu ita ce taitil ɗin da ba sunan mai sayarwa a kai. Mutum ya sayi mota wajen wani, bai mayar da ita sunansa ba don gudun haraji, sai ya miƙo maka takarda da sa hannun mai ita na farko, gurbin mai saye a fili. Zai ce, "Rubuta sunanka kawai, babu komai." Akwai komai. Doka ta hana wannan, kuma in aka sami kuskure a takardar, wanda zai gyara shi ne mai sunan, mutumin da ba ka taɓa gani ba, wataƙila ma ya bar jihar. Ka nemi mai sayarwa ya nuna maka lasisinsa, ka gwada sunan da na kan taitil. In sun saɓa, ya fara mayar da ita sunansa tukuna. Na san akwai nauyi ka nemi katin shaida wajen wanda kuke sahu ɗaya a masallaci, amma mai gaskiya ba zai ji haushi ba.

Sai bashi. In an ci bashin banki aka sayi motar, sunan bankin zai fito a taitil, kuma haƙƙinsa yana bin motar duk inda ta je. A yawancin jihohi bankin ne ma ke riƙe da takardar sai an gama biya. A New York kuwa mai mota ke riƙe da ita ko da ana bin sa, saboda haka ganin taitil a hannunsa bai nuna ya biya ba. Ka nemi takardar da banki ya rubuta cewa ya saki motar. In da sauran bashi, ku je bankin tare, ka biya a can, ragowar ka ba shi.

Wajen cikewa, a yi a hankali. Ba a gogewa, ba a kankarewa, ba a shafa farin ruwan gyaran rubutu. Yin haka yakan lalata takardar, sai mai sayarwa ya nemo sabuwa. Ka gwada lambar VIN da ke kan taitil, wato lambar shaidar mota mai haruffa da lambobi 17, da wadda ke ƙasan gilashin gaba ta ɓangaren direba da ta jikin ƙofa. Motar 2011 zuwa sama dole a rubuta mil nawa ta yi. Sunanka kuma ka rubuta shi daidai yadda yake a lasisinka: in Mahamadou ne, kada ka sa Muhammad. In sunaye biyu ne a kai aka haɗa su da kalmar AND, wato "da", duka biyun za su sa hannu. A Ohio, Pennsylvania da North Carolina sai a gaban notari, wato jami'in da ke tabbatar da sa hannu, ake sa hannun, don haka kada kowa ya taɓa biro kafin ku isa.

In taitil ya ɓace, mai sunan ne zai nemi kwafi, kai ba za a ba ka ba. A New York fom MV-902 ake cikewa. Kada ka karɓi mota a kan alkawarin za a aiko maka da takarda daga baya. Wanda ya riga ya faɗa wannan rami, mai sayarwa kuma ya ɓace, wasu jihohi kamar Texas da Georgia suna ba da taitil bisa jingina ta hanyar kamfanin inshora, amma da kuɗi da jira.

Masu sayen motocin gwanjon Copart da IAA su lura da tambarin salbej, wato motar da inshora ta yanke cewa gyaranta bai biya ba saboda haɗari ko ambaliya. Ba za ta hau titi ba sai an gyara, hukuma ta duba. Kafin saye, ka sa lambar VIN a shafin VINCheck na NICB, ƙungiyar yaƙi da zambar inshora, kyauta ne, yana nuna rahoton sata ko salbej. In kuma Kwatano, Lome ko Legas za ka tura ta, kwastan na Amurka na buƙatar ainihin taitil aƙalla awa 72 kafin a fitar da ita. Takarda mai matsala na nufin mota ta zauna a tasha kuɗin ajiya na hawa.

Abin da ya fi damuna shi ne aron suna. Sabon zuwa bai sami lasisi ba, sai ya sa motarsa da sunan wani. Tarar kyamara da kuɗin gada duk kan mai sunan za su faɗa, zumunci ya fara tsami. In Allah ya yi wa mai sunan rasuwa, a idon doka motar ta shiga gadonsa, sai magada sun yarda. In dole ta sa ka yi haka, ku rubuta yarjejeniya da shaidu, kuma ranar da takardunka suka fito ka mayar da ita sunanka. Jihohi ma suna sa wa'adi: Texas kwana 30 take ba mai saye daga ranar ciniki, bayan nan sai tara.