Kafin ka biya kuɗin fili, san irin haƙƙin da kake saye

Tun 29 ga Maris 1978, da gwamnatin soja ta Obasanjo ta kafa Dokar Amfani da Ƙasa, duk ƙasar da ke cikin jiha tana hannun gwamna, yana riƙe da ita amana ga 'yan Najeriya. Abin da mutum ke samu shi ne haƙƙin zama da amfani da wurin. Arewa ta saba da wannan tsari, don dokar ƙasa ta Jihar Arewa ta 1962 ma a kan haka aka gina ta. Sashe na 315(5) na Tsarin Mulkin 1999 ya kare Dokar Amfani da Ƙasa, ba a taɓa ta sai ta hanyar gyaran tsarin mulki.

Tambayar farko ga mai sayarwa ita ce: wane haƙƙi ne a hannunka? Akwai wanda gwamna ke bayarwa a ƙarƙashin sashe na 5 na Dokar Amfani da Ƙasa, shi ne ke zuwa da takardar shaidar mallaka da aka fi sani da C of O, galibi na shekara 99 idan wurin zama ne. Akwai haƙƙin gargajiya da ƙaramar hukuma ke bayarwa a wuraren da ba a ayyana su a matsayin birni ba, kuma ba ta wuce hekta 500 don noma ko hekta 5,000 don kiwo sai da yardar gwamna. Na uku shi ne na waɗanda suke riƙe da gida ko gona tun kafin 1978. Doka ta ɗauka kamar an ba su haƙƙin, ko da ba su da takarda ko ɗaya. Gonakin gado da yawa a nan suke.

Wannan na ukun ne ke kayar da masu kuɗi. Mutum zai riƙo C of O sabuwa fil, yana ganin magana ta ƙare, alhali wata zuri'a ta riga shi haƙƙi a wurin. Kotun Ƙoli ta yanke a shari'ar Ogunleye da Oni a 1990 cewa takardar ba ta da ƙarfi idan an bayar da ita a kan wurin da wani ke da haƙƙi a kai wanda ba a soke ba. Don haka ka je filin da ƙafarka, ka tambayi maƙwabta ta kowace kusurwa wa suka san yana noma wurin, ka ga mai unguwa da dagaci. Sa hannunsu shaida ce mai amfani, amma ba su da ikon ba da haƙƙin ƙasa. Idan na gado ne, ka nemi takardar rabon gado daga kotu, ko duk magada su sa hannu, mata da maza. Ɗan'uwa ɗaya da ke wani gari ya isa ya tayar da cinikin bayan ka kai gini linta.

Daga nan sai bincike a ofishin ƙasa: KANGIS a Kano, KADGIS a Kaduna, AGIS a Abuja. Lauyanka zai duba sunan da ke fayil, ko an jinginar da wurin a banki, ko akwai bashin kuɗin hayar ƙasa da ake biyan gwamnati duk shekara, ko gwamnati ta riga ta ware wurin don hanya ko makaranta. Ka ɗauki safiyo ya daidaita lambobin duwatsun awo da abin da ke taswira. Filin awon igiya ya fi buƙatar wannan, don sau da yawa titin da dillali ya nuna maka da yatsa babu shi a tsarin gari. A Abuja kuwa ƙasar duka ta gwamnatin tarayya ce, Ministan Birnin Tarayya ne ke bayarwa, takardar wani basarake ba ta tsaya maka.

Bayan an yi ciniki, sashe na 22 ya wajabta neman amincewar gwamna kafin a mayar da haƙƙin ga wani ko a jinginar da shi, sashe na 26 kuma ya ce cinikin da ya saɓa wa dokar ba shi da inganci. A shari'ar Savannah Bank da Ajilo ta 1989 jinginar banki ce sukutum ta rushe saboda rashin wannan amincewa. Mutane kan tsallake matakin don gudun kuɗin rajista, su ajiye takardar ciniki a akwati. Ranar da za su nemi rance ko su sayar, sai a tarar fayil na ɗauke da sunan mutumin da ya rasu tuntuni. Idan haƙƙin gargajiya ne, ƙaramar hukuma ake nema.

Gwamnati na da ikon karɓe wuri, amma da sharuɗɗa. Sashe na 28 ya ce sai don amfanin jama'a ko don mai wurin ya karya sharuɗɗan takardarsa, kuma sai an miƙa masa sanarwa a rubuce. Jan fenti a bango ba sanarwa ba ce. Diyya a ƙarƙashin sashe na 29 tana bin abin da ka ɗora a wurin: kuɗin sake gini bayan an cire tsufansa, da darajar amfanin gona. Filin da babu komai a kai, abin da ake mayarwa shi ne kuɗin hayar ƙasa da ka biya gwamnati a shekarar da aka karɓe wurin. A ganinmu nan ne dokar ta fi takura wa talaka. Ka ɗauki hotuna, ka ajiye rasit, ka sa mai kimanta kadara ya rubuta rahoto kafin katafila ta iso.

Abin da ke ƙarƙashin ƙasa, zinare ne ko mai, na gwamnatin tarayya ne bisa sashe na 44(3) na Tsarin Mulki, ko da a tsakiyar gonarka yake. Rigima a kan haƙƙin da gwamna ya bayar kuwa Babbar Kotun Jiha kaɗai ke sauraronta, kai ta wata kotu ɓata lokaci ne da kuɗi.